Mutumin da ya matse haske, da yadda masana suke gane gwani a cikinsu

Idan ka je bakin ruwa a Yauri ka tambayi mutanen gari wa ya fi kowa iya su, sunan da suka fi ji za su ba ka: mai manyan jirage, ko wanda maroƙa suka fi wasawa ranar biki. Amma ja masunta uku gefe ka yi musu wannan tambaya, da wuya ka ji sunan nan. Su abin da suke dubawa daban ne. Wa ya fito da ɗaurin tarun da kowa yake yi yanzu? Wurin wa ake zuwa idan ruwa ya canja hali? Sau da yawa wanda za su ambata ba ka taɓa jin labarinsa ba.

Masana kimiyya ma haka suke da nasu ma'aunin. Ranar 2 ga Oktoba 2018 aka sanar da waɗanda suka ci kyautar Nobel ta fiziks. Rabi ya tafi ga Arthur Ashkin na Amurka, dattijo mai shekara 96. Ɗaya rabin aka raba shi tsakanin Donna Strickland ta Kanada da wani Bafaranshe mai suna Gérard Mourou, wanda ake furta sunansa Jerar Muru. Ga yawancin mutanen duniya ranar suka fara jin sa. Ga masu aikin leza kuwa labarin bai zo da mamaki ba, don sun yi shekara talatin suna aiki da dabararsa kullum. To mece ce dabarar, kuma yaya aka yi takarda mai shafi uku ta ɗaga mutum haka a idon takwarorinsa?

Katangar da kowa ya ci karo da ita

Sai mun fara raba abu biyu da ake yawan haɗawa, wato makamashi da ƙarfi. Ɗauki guduma ka ɗora ta a kan ƙusa, ka danna na tsawon minti ɗaya. Za ka gaji, ƙusa ba za ta motsa ba. Ɗaga gudumar ka buga sau ɗaya, sai ta shige. Bambancin shi ne cikin wane ɗan lokaci ka sauke abin da ke hannunka. Makamashi shi ne yawan abin da ka kashe, ana auna shi da jul. Ƙarfi shi ne saurin kashewar, ana auna shi da wat. Wat ɗaya na nufin jul ɗaya a daƙiƙa ɗaya.

Tun da Theodore Maiman ya kunna leza ta farko a 1960, masana suka gane cewa hanya mafi sauƙi ta samun ƙarfi mai yawa ita ce gajarta walƙiyar hasken. A zuba makamashi kaɗan, amma a sake shi cikin lokacin da ƙiftawar ido ma ta yi masa tsawo nesa ba kusa ba. Shekarun farko abin ya tafi da sauri, daga nan ya cije. Dalili kuwa, kafin walƙiya ta yi ƙarfi sai ta ratsa wani gilashi ko dutse mai ƙyalli da aka cika da makamashi, ta kwasa ta fita. Idan walƙiyar ta yi tsanani sosai, ita kanta take sauya halin gilashin. Sai ya zama kamar tabaron nan da yara suke ƙona takarda da shi a rana, ya tattara hasken wuri ɗaya a cikin jikinsa, ya tsage. Wato na'urar ita take kashe kanta.

Maganin da ake da shi a lokacin shi ne a faɗaɗa hasken, a yi gilashi mai girma. Wannan ya sa leza mai ƙarfi ta koma gini guda, mai cin kuɗin da sai gwamnatin babbar ƙasa, kuma harbi kaɗan take yi a yini saboda sai an jira ta huce.

An haifi Mourou a garin Albertville na Faransa a 1944, ya gama digirinsa na uku a Paris a 1973, sannan a 1977 ya koma Jami'ar Rochester a jihar New York, inda ake da babban ɗakin binciken leza. A can ne Strickland ta zo ta zama ɗalibarsa.

A warwatsa, a ƙara, a tattara

Ka san yadda ake yi a tashar jirgin ruwa ranar kasuwa. Idan taron mutane da buhunan albasarsu suka afka wa kwalekwale ɗaya a lokaci guda, kowa ya san ƙarshen labarin, kuma mutanen yankin nan ba sa bukatar a tuna musu. Mai hankali sai ya jera su layi, ya ƙetarar da su kaɗan kaɗan, a can ƙetare su sake haɗuwa. Mutanen ba su ragu ba, nauyin da jirgi ya ɗauka a kowane lokaci ne ya ragu.

Abin da Mourou da Strickland suka yi wa haske ke nan. Gajeriyar walƙiya ba launi ɗaya ba ce, tarin launuka ne da suka taho tare. Idan ka tura ta cikin doguwar igiyar gilashi, irin wadda ake jan intanet da ita, launukan ba sa tafiya da gudu ɗaya. Na wajen ja suna gaba, na wajen shuɗi suna baya. Kafin ta fita ta miƙe ta yi tsawo, tsananinta ya faɗi. A wannan hali sai a shigar da ita gilashin ƙarin makamashi, ta kwashi rabonta ba tare da ta fasa komai ba. Mataki na ƙarshe shi ne a ratsa da ita tsakanin wasu faranti biyu masu ƙananan tsage da ido ba ya gani, waɗanda suke tilasta wa launin da ke gaba ya bi doguwar hanya, na baya ya bi gajeriya. Sai duk su iso tare. Walƙiya ta koma gajeriya kamar da, amma yanzu ɗauke da makamashi ninkin ba ninkin.

Masana suna taƙaita sunan dabarar da haruffa uku, CPA. Kalmar farko a Turance kukan tsuntsu take nufi, irin wanda muryarsa take hawa ko sauka cikin kuka ɗaya, don haka launin miƙaƙƙiyar walƙiyar yake canjawa daga kanta zuwa wutsiyarta. Ba su ɓoye ba cewa a wurin masu na'urar rada suka aro tunanin, waɗanda suka daɗe suna yin irin wannan da igiyar rediyo. Aro ba abin kunya ba ne a kimiyya, muddin ka faɗi inda ka aro.

Aikin bai tafi sumul ba. Igiyar gilashin da suka samu ta kai kilomita 2.5, amma da aka tura haske bai fito ba, ashe ta karye a tsakiya. Da ragowar kilomita 1.4 aka yi gwajin. Sakamakon ya fito a 1985 a mujallar Optics Communications, wadda ba ta cikin mujallun da ake rububin shiga. Ita ce takardar bincike ta farko da Strickland ta taɓa bugawa, kuma sunanta ne a gaba.

Yanzu kawo lissafin gida. Injinan da aka saka wa tashar Kainji, wadda aka kammala a 1968, an ƙera su don su ba da megawat 760 idan duk suna aiki. A 1996 wata leza mai bin hanyar CPA a ɗakin binciken Livermore na Amurka ta haura fetawat ɗaya, wato megawat biliyan ɗaya. Raba ka gani: Kainji sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari uku ke nan. A 2019 wata a garin Magurele na Romaniya ta kai fetawat 10, Kainji miliyan 13. Kafin ka ce to a kawo mana ita mu huta da ɗauke wuta, ka tuna da guduma. Walƙiyar ba ta wuce femtodaƙiƙa ashirin da ɗoriya, kuma femtodaƙiƙa ɗaya kashi ɗaya ne idan ka raba daƙiƙa gida miliyan sau biliyan. Duk makamashin da ke cikinta bai kai jul 300 ba. Ƙwan fitila mai wat 10 zai cinye shi cikin rabin minti.

Amfanin irin wannan bugu shi ne yana gamawa kafin zafi ya samu lokacin yaɗuwa. Leza mai doguwar walƙiya tana narkar da gefen abin da take yanka, mai gajeriya kuwa tana cire wurin da aka nufa kawai. An gano amfanin wannan ga likitanci ta hanyar tsautsayi. A 1993, bayan Mourou ya koma Jami'ar Michigan, hasken leza ya sami idon wani ɗalibi a ɗakin bincikensa. Likitan da ya duba shi, Ron Kurtz, ya yi mamakin yadda tabon ya fita tsaf, babu ɓarna a kewayensa. Daga nan aka fara binciken da ya haifar da kamfanin IntraLase a 1997, da tiyatar gyaran gani da ake yi wa miliyoyin mutane. Masana'antu kuma suna yanka gilashi da ƙananan kayan asibiti da irin wannan leza.

Inda sunan ya fito

Ka lura, ba jarida ce ta ɗaga Mourou ba. Abin da ya faru shi ne duk wanda ya so gina leza mai ƙarfi bayan 1985, a Japan yake ko Rasha ko Jamus, ya tarar babu wata hanya da ta fi wannan. Na'urar da da sai gini guda ta dawo kan tebur, ƙananan jami'o'i suka iya mallaka. Duk takardar da ta fito daga irin waɗannan ɗakuna sai ta ambaci ta 1985, domin ƙa'ida ce ka faɗi kafaɗar da ka taka. Ambaton nan shi ne kuɗin da masana suke biyan juna da shi. Ko gwaje-gwajen 2001 da suka kai Pierre Agostini da Ferenc Krausz ga Nobel ta 2023, tare da Anne L'Huillier, da leza mai bin hanyar CPA aka yi su.

Sai kyaututtukan cikin gida, waɗanda ba ka jin su a rediyo. Ƙungiyar masana haske ta Amurka ta ba shi kyautar R. W. Wood a 1995, ta Charles Townes a 2009, sannan lambar Frederic Ives, mafi girma a wurinta, a 2016. Masu zaɓen duk mutane ne da za su iya gane kuskure a lissafinsa. Nobel ɗin kanta haka take: masana ake gayyata su ba da sunaye, Cibiyar Kimiyya ta Masarautar Suwidin ta tace, kuma ana rufe bayanan zaɓen shekara 50. Ba a nema, ba a saye.

Akwai kuma abin da ba ya cikin takarda. Mourou mutum ne mai iya tara jama'a da shawo kan masu riƙe da kuɗi. Ya kafa cibiyar bincike a Michigan a 1990, ya koma Faransa a tsakiyar shekarun 2000, kuma shi ne ya tura Tarayyar Turai ta gina manyan cibiyoyin leza na ELI a Cek da Hangari da Romaniya. Ɗaliban da suka fito daga hannunsa sun buɗe nasu ɗakunan, suna yaye nasu ɗaliban. A 2024 Jami'ar Peking ta ƙasar Sin ta ɗauke shi yana da shekara 80, abin da ke nuna maka cewa irin wannan suna kadara ce da ƙasashe suke zawarci.

Amma takwarori ba mabiya ba ne. Da aka ba shi Nobel, wani tsohon bidiyo na tallata ELI ya sake fitowa, inda aka nuna mata masu rigar ɗakin bincike cikin yanayin da masana da yawa suka ga wulaƙanci ne, har ya fito ya ba da haƙuri. Haka kuma maganar da yake yawan yi, cewa wata rana leza za ta iya rage tsawon rayuwar sharar nukiliya ƙwarai da gaske, har yau buri ce, ba a nuna ta a aikace a sikelin da zai yi amfani ba. Masana suna girmama CPA domin sun gwada ta a ɗakunansu ta yi. Ba su ɗauki alkawarin yarda da duk abin da ya fito daga bakin mai ita ba.

Strickland fa? A nan ne ma'aunin ya nuna gurguntarsa. Ita ce ta haɗa na'urar da hannunta. Ta shugabanci ƙungiyar masana hasken nan a 2013, wato takwarorinta sun san ta sarai. Duk da haka, a watan Mayun 2018 wani editan Wikipedia ya ƙi amincewa da shafin da aka rubuta a kanta, da hujjar cewa madogaran da aka kawo ba su nuna ta cancanta ba, alhali malaminta ya daɗe da nasa shafin. Wata biyar bayan haka ta zama mace ta uku da ta ci Nobel ta fiziks, bayan Marie Curie a 1903 da Maria Goeppert Mayer a 1963. A lokacin ko cikakkiyar farfesa ba ta zama ba a Jami'ar Waterloo, kuma da aka tambaye ta dalili cewa ta yi ba ta taɓa nema ba. Duk ɗalibin digiri na uku a jami'o'inmu da ya taɓa kwana a ɗakin gwaji, sannan ya ji ana kiran aikin da sunan malaminsa, ya san wannan labari ba na Turawa kaɗai ba ne. A ganina kwamitin Nobel ya yi abin da ya dace da ya koma kan takardar ya duba sunan wa ke gaba.

Ɗan Tasawa

Wataƙila kana cewa duk wannan labarin nesa ne. To akwai wani masanin fiziks da ya yi rayuwarsa yana tattara haske, kuma a ƙasar Hausa aka haife shi. Abdou Moumouni Dioffo, an haife shi a Tasawa cikin jihar Maraɗi a 1929. Ya bi ta makarantar William Ponty a Senegal, ya wuce Paris, kuma a 1956 ya ci jarrabawar agregasiyon ta fiziks, wadda ko a tsakanin Faransawa tsiraru ne suke tsallake ta. Shi ne ɗan Afirka na farko daga ƙasashen renon Faransa da ya yi haka a wannan fanni.

Mourou ya matse haske cikin lokaci, Moumouni kuwa a wuri ya tattara shi. Ka kalli farantin satalayit da ke kan rufin maƙwabcinka. Lanƙwasarsa an yi ta ne don duk abin da ya faɗo a kai ya koma ɗigo ɗaya a gaba. Idan ka shafe shi da madubi ka fuskantar da shi rana, ɗigon nan zai tafasa ruwa. Da tsakar rana mai haske, kowace murabba'in mita tana karɓar kusan wat 1,000, kuma babban tandun rana na Odeillo a Faransa yana haura digiri 3,000 da wannan hanya. Sai dai rana ba ɗigo ba ce, tana da faɗi a sama, madubi kuma ba ya rasa aibi, saboda haka hasken ba ya taruwa wuri ɗaya cak. Yadda makamashin yake rarrabuwa a wannan matattara shi ne batun digirin Moumouni na dakta a Paris a 1967. Duk mai son ƙera tukunya ko inji mai aiki da zafin rana sai ya san amsar. Abin sha'awa, a ƙarshen manyan lezar nan ta fetawat ma, madubi mai irin wannan lanƙwasa ake sawa ya tattara walƙiyar a kan abin da ake harbi.

Bambancin mutanen biyu yana ga inda kowanne ya tsaya. Mourou ya tafi inda aka riga aka gina ɗaki, akwai kuɗi, akwai ɗalibai. Moumouni ya dawo inda sai ya gina da kansa. Ya koyar a Gini, ya yi bincike a Tarayyar Sobiyet, ya jagoranci ɗakin binciken hasken rana a Bamako daga 1964, sannan daga 1969 ya riƙe hukumar makamashin rana ta Nijar, ONERSOL, wadda ta ƙera na'urorin dumama ruwa da na girki, har da injin da zafin rana yake juyawa. Ya shugabanci Jami'ar Yamai daga 1979. Amma a shekarun 1980 kuɗin yuraniyom ya ja baya, man fetur ya yi araha, duniya ta rage ɗokin makamashin rana. Da ɗokin ya dawo, ta hanyar farantan sola masu ba da lantarki kai tsaye ya dawo, irin waɗanda kake gani yau a kan shagunan cajin waya a Yelwa da Wara. Sarƙar da take ɗaga suna, wato ɗalibi ya haifi ɗalibi, takarda ta ambaci takarda, ba ta samu abin da zai riƙe ta da ƙarfi ba.

Shi ya sa idan ka nemi sunansa yau, za ka fi cin karo da masana harkar ilimi suna ambaton littafinsa na 1964 a kan ilimi a Afirka, inda ya kare koyarwa da harsunan gida, fiye da masana fiziks suna ambaton madubansa. Ya rasu a Yamai a 1991, kuma a 1992 aka sa wa jami'ar sunansa. A Nijar kowa ya san sunan, ko da a jikin allon ƙofar jami'a ne. A wannan ɓangaren iyaka kuwa, gwada tambayar ɗaliban fiziks a Aliero ko Sakkwato, inda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo take da tata cibiyar binciken makamashi, ka ji mutum nawa ne za su iya gaya maka abin da ya auna a gaban madubin nan.